Zaɓi Giyarka Tun Kana Kan Tudu

Ƙannena samarin Tudun Wada da kuka kama sana'ar tuƙi, akwai wata sanda a cikin mota da yawancinku ba ku taɓa kai mata hannu ba, alhali ita ce za ta fid da ku kunya ranar da aiki ya raba ku da kwalta. Ina nufin 'yar gajeriyar sandar nan da ke gefen babbar giya a Hilux da Land Cruiser, wadda makanikai ke kira ogzilari. A sababbin motoci an mai da ita maɓalli da ake murɗawa, amma aikin ɗaya ne. Yaro zai koyi mota tsakanin Kongo da Ƙofar Doka, ya ƙware wajen kutsawa tsakanin 'yan acaɓa da masu keke a gadar Kubanni, ya karɓi lasisi. Ana nan sai Allah ya kawo aiki: kamfanin iri ko na taki, ko masu allurar rigakafi, ko wani alhaji mai sayen masara a ƙauyukan Giwa da Soba. A miƙa masa makullin Hilux, a ce gobe da sassafe za a shiga daji. Ba wanda ya tambaye shi ko ya san ma'anar H2 da H4 da L4, shi kuma kunya ta hana shi tambaya.

Wannan kunyar nake so ku ajiye. A garin nan na Zariya Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wato NITT, wadda aka kafa a 1986, take zaune a hanyar Basawa, ana zuwa daga ko'ina a ƙasar nan neman ilimin sufuri. Bai dace a ce ɗan Zazzau ne ke ƙona kuloci a fadama don rashin sani ba.

Ku fara da sanin ƙasar da za ku taka. Ruwan da Zariya ke samu a shekara ya kai wajen milimita 1,000, kusan dukansa yana sauka tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a watan Agusta. Hanyar da ka bi a Janairu kana tayar da ƙura, a Agusta wata hanya ce dabam. Jan burji in ya bushe ya yi tauri da gargada, in ya sha ruwa samansa ya yi santsi, ƙasansa kuwa yana nan da ƙarfinsa. Baƙar lakar fadamun Galma ba ta da wannan ƙarfin a ƙasa: iyakar yadda ka tona, iyakar yadda za ka nutse. Ga yashin rafi da rani, ga dutse irin na gindin Kufena. Kowace ƙasa da giyar da take so.

H2 ita ce giyar yau da kullum. Injin yana tura tayoyin baya kaɗai, na gaba ba su da aiki sai bin sitiyari. Da ita ake bin kwalta zuwa Kaduna ko Kano, kuma ita ta fi sauƙin shan mai. In ka ja sandar zuwa H4, ƙarfin inji ya rabu gaba da baya, amma giyoyinka suna nan yadda ka san su. Ita ce ta burji mai santsi da tsakuwa da yashi marar zurfi, inda kake buƙatar riƙo amma hanya tana barinka ka yi kilomita 40 ko 50 a awa. A motocin zamani ana iya shiga H4 mota na tafiya, muddin sitiyari a miƙe yake, ka ɗan saki totur, kuma gudun bai wuce iyakar da littafin motar ya faɗa ba. A tsofaffi kuwa, duba tsakiyar tayar gaba. In ka ga murfi mai rubutun FREE da LOCK, sai ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK da hannunka. In ba ka yi haka ba, fitila za ta iya kamawa a gabanka ta ce ƙafa huɗu ke ja, alhali tayoyin gaba ba su san ana yi ba. Da yawa sun kafe a haka suna zagin mota.

L4 ce aka fi jahilta. Ana ce mata giyar ƙarfi, sai yaro ya ɗauka in ya sa ta abin da ya rage kawai ya danne totur. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin akwatin ogzilari akwai haƙoran da ke rage juyin da ke isa taya wajen ninki biyu da rabi a Hilux da Land Cruiser. Inda giya ta ɗaya za ta ba ka kilomita 10 a awa, a L4 da juyin inji iri ɗaya wajen 4 za ta ba ka, ƙarfin murɗa taya kuwa ya ninka daidai da haka. In H4 doki ce, L4 shanun huɗa ce, kuma ba a sukuwa da shanun huɗa. Babban amfaninta shi ne ta bar ka ka tafi a hankali ƙafarka ba ta kan kuloci. Ƙaurin nan da ke cika mota in direba yana lallaɓa ramuka da rabin kuloci, faifan kulocin ne ke ƙonewa, kuma da ya sa L4 da bai ji shi ba. Giya ta uku a L4 ta yi kusa da ta ɗaya a H4, wato ta ɗaya da ta biyu a L4 ƙarin giyoyi biyu ne da ba ka da su a da. Ba a shigarta a guje. Tsaya cak, taka kuloci, in otomatik ce sa ta a N, sannan ka ja sandar ba tare da fizga ba.

Akwai kuskuren da ya fi yawa a cikin gari, shi ne barin mota a H4 a kan kwalta, wai don ta fi kama hanya. Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayoyin gaba suna zagaye mai faɗi fiye da na baya, saboda haka dole su fi su juyi. A Hilux, H4 tana ɗaure furofelar gaba da ta baya su yi juyi ɗaya. A kan burji ko yashi, taya tana ɗan zamewa ta sauke wannan bambanci, ba ka ma ji. Busasshiyar kwalta ba ta barin taya ta zame, sai nauyin ya taru a cikin ƙarafa. Alamarsa sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa kuka a kwana, mota ta riƙa tirjewa, sandar ta ƙi fita. In ka ji haka, tsaya ka yi ribas a miƙe 'yan taku kaɗan, za ta saki. Wanda ya yi biris, kuɗin akwatin ogzilari na jiransa. Prado da manyan Land Cruiser ba su da wannan matsala, domin ƙafa huɗu suke ja kullum kuma akwai na'ura a tsakiya mai daidaita gaba da baya. Amma su ma suna da maɓallin kulle wannan na'ura, kuma da zarar ka kulle ta hukuncinsu ya zama na H4: a daji kawai. RAV4 da Highlander da CR-V kuwa ba su da L4 ko kaɗan. Suna taimakawa a santsi, amma kada tsayinsu ya ruɗe ka ka kai su inda Hilux ke shiga. Kuma duk motar da aka ba ka, musamman 'yar Kwatano da ta daɗe a hannu, leƙa ƙarƙashinta kafin tafiya. Ba abin mamaki ba ne ka tarar wani makaniki ya cire furofelar gaba tun tuni don ta daina ƙara, ga rubutun 4WD ɓaro-ɓaro a jikinta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana zaɓen giya ne tun mota tana kan ƙasa mai ƙarfi, kafin tayar gaba ta taɓa taɓo. Yawancin samari suna shiga a H2, sai mota ta kafe sannan su tuna da ogzilari. A lokacin tayoyin baya sun riga sun tona wa kansu rami, cikin motar ya zauna a ƙasa, kuma motar da cikinta ya zauna babu giyar da za ta ɗaga ta sai shebur. Sau da yawa ma sandar ba ta yarda ta shiga in mota ta riga ta maƙale.

In ka hango laka a gaba, tsaya. Sauka ka taka da ƙafarka, ka sari sanda ka caka ka ji inda ƙasa mai ƙarfi take. Dubi sawun da ke wurin. In na tarakta ne ko na babbar mota, ramukan sun fi ƙarfinka, tudun da ke tsakaninsu zai riƙe cikin motarka tayoyi su tsaya a iska. In akwai mutane a gona, gaishe su: “Sannunku da aiki, Baba. Mota ta bi nan yau?” Ɗan acaɓan ƙauyen da ke bin wurin kullum ya san gefen da ke da dutse a ƙasa da gefen da ke cin mota, kuma ba zai ɓoye maka ba in ka tambaya da ladabi.

In ka yanke shawarar shiga, sa L4, giya ta biyu, ko ta uku in lakar ba ta da zurfi kuma tana da tsawo. Ta ɗaya ba ta cika dacewa da laka ba, domin ƙarfinta ya yi yawa, da ka taɓa totur taya za ta kufce ta fara juyi a banza. Shiga da ɗan ƙwarin tafiya, ka riƙe totur a wuri ɗaya. Kada ka canza giya a tsakiya. Daƙiƙar da ka taka kuloci, inji ya rabu da taya, laka kuwa ba ta daina riƙe ka ba, nan take za ta tsayar da kai, kuma tashi daga tsaye a cikin laka ya fi wucewa wuya nesa ba kusa ba. In ka ji inji ya ɗaga murya amma mota tana rage tafiya, tayoyi ne ke zamewa. Zuciya za ta ce ƙara wuta. Kai kuwa sassauta ƙafa kaɗan, ka riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali don gefen taya ya samu abin kamawa. Ka kuma fitar da manyan yatsunka daga cikin zoben sitiyari, domin in taya ta daki kututture sitiyari na iya fizgewa ya gurɗa maka yatsa.

Tsofaffin direbobinmu sun san wannan tun ba su da ogzilari. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma shekaru da yawa akori-kurar 404 da 504 ce ke fito da masara da barkono da rake daga ƙauyukan Makarfi da Kudan da Soba, da tayoyin baya kaɗai. Abin da suka dogara da shi shi ne lodi a kan ƙafar baya, giya ta biyu, da ido mai karanta hanya. Ku nemi irinsu a tasha ku zauna kusa da su. Yawancin abin da na'urar motar yau ke yi wa direba, su da ƙafa suka riƙa yinsa.

In duk da haka mota ta tsaya, ɗaga ƙafa nan take. Kowane juyi na banza ƙarin zurfi ne. Gwada ribas a hankali a kan sawunka, domin ƙasar da ka riga ka danne ta fi wadda ke gaba. In ta ƙi, sai shebur: kwashe lakar da ke gaban tayoyi da wadda ta tokare cikin mota, ɗaga da jak a kan katako mai faɗi, cusa duwatsu da rassa da karan dawa a ƙarƙashin taya. Wani lokaci za ka ga taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta juyi, sauran biyun suna tsaye. Motar ba ta lalace ba. Kwandon da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu yana tura shi ne ga wadda ta fi sauƙin juyawa. A nan ne maɓallin kulle ƙafar baya ke aiki, ga motar da ke da shi: yana tilasta tayoyin baya biyu su juya tare. Ana sa shi a tsaye ko a tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba, a cire shi da zarar an fita, domin mota a kulle ba ta son shan kwana. In wata mota ce za ta ja ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don ja, kowa ya matsa nesa. Igiyar da ta tsinke ko ƙarfen da ya ɓalle na kashe mutum.

Abu ɗaya nake roƙonku a nan, ko da ba na giya ba ne. Kada ku kauce wa laka ku faɗa gonar mutane. Kunya goma ta masara da tayarka ta kwantar a Agusta abincin wani gida ne, kuma gobe ta wannan ƙauyen za ka sake bi. Samarin da suka shiga taɓo suka tura ka kuwa, a sallame su da mutunci.

Gangara ta fi hawa haɗari, ko da yake hawa ake tsoro. Ɗabi'ar nan ta sakin mota a firi don a rage shan mai, ko a kwalta mugun abu ce, balle a gangaren rafi mai santsi. In ka dogara da birki kaɗai, tayoyi za su daina juyi su fara sulɓi, taya mai sulɓi kuwa ba ta jin sitiyari. Tun kana sama sa L4, giya ta ɗaya, ka cire ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, ka bar inji ya riƙe motar tana sauka taku-taku. A otomatik, ja giyar zuwa L ko 1, kada ka bar ta a D. Wajen hawa, giya ta biyu a L4, fuskarka a miƙe sama. In ta gaza a tsakiya, kada ka ce za ka juya kan mota a jikin tudu, a nan motoci ke kifewa, musamman masu lodi a sama. Taka birki, sa ribas, saki kuloci, ka sauko da baya a miƙe inji na riƙe da kai. Ka kuma sani ƙafa huɗu a tafiya suke taimako, ba su ƙara wa mota birki ko kaɗan. Dutse da kwazazzabo ba su da dogon bayani: giya ta ɗaya a L4, wani ya sauka yana nuna maka, rami kuma a ratsa shi a karkace don taya ɗaya-ɗaya ta riƙa faɗawa.

Yashi yana son abin da laka ba ta so, wato ɗan gudu. H4 da giya ta biyu, ko L4 da ta uku ko ta huɗu in yana da zurfi, kwana mai faɗi, ba taka birki da ƙarfi, domin birki yana tara yashi a gaban taya. Amma a yashi iskar taya ta fi giya muhimmanci. Direbobin Agadas masu ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Hilux cike da kaya suna rage iska kafin su shiga rairayi, don taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta yanka shi. Masu facinmu suna son cika taya ta yi tauri, wani ya kai ta 45 ko 50 a ma'aunin iska. A yashi mai laushi, saukar da ita wajen 20 na iya fitar da motar da ta kafe ba tare da an tura ba. Sharaɗin shi ne kana da famfo, domin taya mai ƙarancin iska in ta hau kwalta a guje zafi take ɗauka har ta fashe. In motarka tana da na'urar hana taya zamewa, kashe ta a yashi, don tana rage wuta daidai lokacin da kake buƙatarta.

Ruwa kuwa shi ne wurin da nake so ku fi jin maganata. Kamfanin Toyota ya ce samfurin Hilux da ya fito a 2015 na iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan ruwa ne kwantacce, ƙasansa mai ƙarfi, a tafiyar hankali. Rafin da ya kawo bayan ruwan dare wani abu ne dabam. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuwa har manya irin su Hilux. Santimita 60 ɗan sama da gwiwa ne kawai. In ba za ka iya ratsa shi da ƙafa kana tsaye daram ba, mota ma ba za ta iya ba. In ya ratsu, L4 giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa, ba canza giya, ba faɗawa a guje. San inda injinka ke shaƙar iska, domin in ruwa ya bi ta nan ya shiga, ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarafan cikin inji. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayar da ita, a ja ta a fitar. In ka haye lafiya, ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya har ya bushe. Rafukanmu na damina suna saurin kawowa kuma suna saurin janyewa, sau da yawa zaman awa biyu a bakin gaɓa ya isa.

Na san abin da zai hana ka zaman. Maigida ne a kujerar baya yana duba agogo: “Direba, taka mana mu wuce, rana tana yi.” Amsarka ita ce: “Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri in sauka in duba tukuna.” In ka duba ka ga ba ta ratsuwa, faɗa masa a fili cikin ladabi, ka kawo wata hanyar ko ka ce a jira. Shi ya san aikin da ya kawo shi, amma rayukan da ke cikin motar amana ce a hannunka. A ƙasar Giwa da Birnin Gwari, inda kowa ya san halin tsaron 'yan shekarun nan, motar da ta kafe da la'asar sakaliya ta wuce maganar kuɗin gyara. Shi ya sa ake fita da wuri, a lissafa dawowa tun rana na sama, a kuma sanar da wani a gida hanyar da za a bi.

Da tayarka ta dawo kwalta, tsaya ka koma H2, ka buɗe duk abin da ka kulle, ka mai da murfin tayoyin gaba FREE, ka cika iska. In kun iso Tudun Wada, a wanke ƙarƙashin motar tun laka ba ta bushe a birki da lagireto ba. In kun ratsa ruwa mai zurfi, sa makaniki ya duba man giya da na ƙafar gaba da baya, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a canza shi. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, domin masu bambancin girma suna wahalar da ogzilari ko a kan burji. Littattafan Toyota suna ba da shawarar a yi tafiyar akalla kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata don mai ya zagaya ƙarafan gaba. Nemi hanyar burji a bayan gari ranar da ba aiki, tare da izinin mai motar, ka shiga H4 ka fita, ka tsaya ka shiga L4, ka gwada giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku ƙafarka ba ta kan totur, har kunnenka ya san ƙarar kowacce.